Wa Ya Auna Zafin da Kwamfutarka Ke Nuna Maka?

Ka buɗe manhajar auna zafi a kwamfutarka, ta ce maka furosesa tana kan digiri 48. Ka buɗe wata, a kan kwamfutar nan dai, cikin mintin nan dai, ta ce 61. Ka kashe ka kunna ka leƙa BIOS, shi kuma ya ce 55. Kowaccensu ta rubuta "zafin furosesa" a saman lambarta, babu kunya babu tsoron Allah, wata har da ɗigo da wata lambar a baya, 61.3, kai ka ce likita ne ya sa ma'auni a hammata. To don Allah wacce za ka kama?

Na gaji da wannan abin, kuma na san ba ni kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa tara kuɗi da gumin goshinsa ya sayi kwamfuta, ya ji fanka ta ɗauki kuka, ya ji ƙasan laftof ɗinsa na ƙona masa cinya, ya san irin faɗuwar gaban da ke sa mutum ya je neman waɗannan manhajoji. Core Temp, HWMonitor, Real Temp, SpeedFan, HWiNFO, ka sauke wannan ka sauke waccan, kana neman wanda zai kwantar maka da hankali. Sai su ƙara ruɗa ka. Ni ban ce auna zafin abu mai ƙanƙanta haka yana da sauƙi ba. Abin da ke tafasa min zuciya shi ne kamfanonin da suka ƙera furosesar sun san sarai lambar da ake nuna mana tana da lauje cikin naɗi, wani lokacin ma su da hannunsu suka naɗe laujen, amma suka bar mu muna ta faɗa da juna a kan wa ya fi wani sanyi.

Bari mu fara daga tushe, domin yawancinmu ba a taɓa gaya mana ba. Tun daga 2006, lokacin da Intel ya fito da jerin furosesa na Core, ma'aunin da ya dasa a cikin kowace ƙwayar furosesar ba ya faɗin zafi kai tsaye. Ba ya cewa ina kan digiri 60. Abin da yake faɗa shi ne digiri nawa suka rage kafin furosesar ta kai iyakar da za ta fara rage gudu don ta ceci kanta. Iyakar nan suna kiranta TjMax. Wato tamkar allon kan hanya ne da ya ce maka saura kilomita 40, alhali an goge sunan garin da za ka isa. Idan ka san garin, ka san inda kake. Idan ba ka sani ba, sai dai ka yi ta hasashe. Manhajar da ke kwamfutarka lissafi kawai take yi: ta ɗauki iyakar, ta cire abin da ya rage, ta miƙo maka sakamakon. Idan iyakar 100 ce, ma'auni ya ce saura 40, sai ta rubuta 60. Idan ta ɗauka iyakar 85 ce, sai ta rubuta 45. Furosesa ɗaya, zafi ɗaya, tazarar digiri 15, duk daga zaton mai rubuta manhaja.

Me ya sa zai yi zato? Saboda Intel bai faɗi iyakar ba! Shekara biyu cur ana sayar da Core 2 Duo da Core 2 Quad na kwamfutocin tebur a duk faɗin duniya, kamfanin ya kame bakinsa a kan lambar da babu yadda za a yi lissafin ya fita daidai sai da ita. Masu rubuta manhaja, waɗanda galibinsu mutum ɗaya ne zaune a ɗakinsa yana aikin kyauta, suka shiga lalube cikin duhu. A kan furosesa E8400, wadda ta yi tashe ƙwarai a 2008, Real Temp ta ɗauki 95, Core Temp ta ɗauki 105. Mutane suka rabu gida biyu, kowa yana rantsuwa tasa ce mai gaskiya. Sai a watan Agusta na 2008, a taron da Intel ke shirya wa masu ƙere-ƙere a San Francisco, kamfanin ya ga dama ya buɗe baki ya ce 100 ce. Duka ɓangarorin biyu sun kuskure da digiri 5, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ka duba ɓata lokacin da aka yi, ka duba mutanen da suka cire fanka suka mayar, suka goge man sanyaya suka sake shafawa, suka sayi wata sabuwa mai tsada, duk a kan lambar da mai ita ya riƙe a aljihu. Wannan ba wulaƙanci ba ne?

An ce daga Core i7 na farko, wanda ya fito a ƙarshen 2008, an gyara, domin yanzu furosesar tana ɗauke da iyakarta a rubuce a cikinta, manhaja ta karanta kawai. Madalla. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Ma'aunin nan ba don kai aka yi shi ba, ɗan'uwa. An yi shi ne don furosesa ta san lokacin da za ta ja birki, saboda haka a can kusa da iyaka aka daidaita shi, inda rai ke hannun Allah. Kana nisa daga wurin, ingancinsa na raguwa. A zamanin Core 2 akwai ma'aunan da idan zafi ya sauka zuwa wani mataki sai su daskare, ko ka sa kwamfutar a ɗakin ƙanƙara lambar ba za ta motsa ba. Ko a takardun bayanin furosesoshin da suka biyo baya da shekaru, Intel da kansa ya rubuta cewa kuskuren ma'aunin zai iya kaiwa digiri 5 sama ko ƙasa. Digiri 5! Amma ga mutum nan ya kasa barci saboda ƙwaya ta ɗaya ta nuna 41, ta uku ta nuna 45, yana zargin ya ɗaura fanka a karkace. Ga wani can yana bugun ƙirji tasa tana kan 29 idan ba ta aikin komai. Lambar da ta fi kowace rashin tabbas, ita muka mayar abin alfahari.

Kada magoya bayan AMD su yi murna, nasu ya fi muni. Wanda ya riƙe furosesar FX, waɗanda suka fara fitowa a 2011, ya san abin da nake faɗa. Kana zaune a ɗaki mai digiri 30, kana zufa, manhaja ta dube ka ta ce furosesarka tana kan 14. Fanka iskar ɗakin take hurawa a kan ƙarfe, ta yaya iskar digiri 30 za ta sanyaya abu ya koma 14? Ko yaron firamare ba zai yarda ba. Sai ka bi takardun kamfanin ka tarar da sun rubuta cewa lambar nan, wadda suke kira Tctl, ba zafi na zahiri ba ce, wani sikeli ne nasu da suka tsara don sarrafa fanka. To in haka ne, me ya sa aka bar ta tana yawo a fuskar kwamfutocin jama'a da alamar digiri a gefenta? Bayanin yana can binne a takarda mai ɗaruruwan shafuka da injiniyoyi kaɗai ke buɗewa. Mai saye kuwa, oho.

Amma abin da har yau in na tuna nake jin raina ya ɓaci shi ne na watan Maris na 2017. AMD ya fito da Ryzen, duniya ta ɗauka, mutane suka yi layi suka saya. Waɗanda suka fi kashe kuɗi, suka ɗauki 1700X da 1800X, sai suka ga kayansu na nuna zafi fiye da na maƙwabcin da ya sayi 1700 mai rahusa, ba da kaɗan ba. Hankali ya tashi. Aka yi ta kwance fanka, ana zargin madabod, ana zargin man sanyaya, wasu suna zargin hannunsu. Sai bayan kaya sun shiga gidajen mutane kamfanin ya fito ya yi bayani: wai da gangan ya ƙara digiri 20 a kan lambar waɗannan biyun. Idan ainihin zafin 38 ne, sai a nuna maka 58. Dalili? Wai don tsarin juyawar fanka ya zama iri ɗaya a duk furosesoshin da ke hawa soket ɗin AM4. Ka ji fa. Suna son fanka ta yi saurin tashi, maimakon su gaya wa fanka, sai suka yi wa ma'auni algus, suka bar mai kaya cikin fargaba. Kuma ba su daina daga nan ba: Threadripper na farko an ƙara masa 27, Ryzen 2700X na 2018 an ƙara masa 10. Kowane da nasa ƙarin. Daga nan manhajoji suka fara nuna layi biyu, Tctl da Tdie, ɗaya mai ƙari ɗaya marar ƙari, kai kuma da ka zo neman amsa ɗaya tak sai ka koma gida da tambaya biyu. Wadda ba a sabunta ba kuwa tana nan tana nuna maka mai ƙarin, ba ta ce maka uffan ba.

Ana wata ga wata. A 2019, da Ryzen 3000 ya fito, mutane suka sake kuka: kwamfuta ba ta aikin komai, amma zafi da ƙarfin wuta na ta tsalle. AMD ya amsa da cewa wasu manhajojin auna zafin su da kansu ne ke jawo hakan, domin yawan ƙwanƙwasa wa ƙwayoyin furosesa ƙofa suna tambaya yana hana su barci, sai su farka su ja wuta su yi zafi. Mai awo ya zama mai hura wutar. Sannan kamfanin ya sauya yadda tasa manhajar, Ryzen Master, ke nuna zafi: maimakon wuri mafi zafi a wannan daƙiƙar, sai ta koma nuna matsakaicin ma'aunai da yawa cikin ɗan lokaci. Lamba ta sauka, ta daina tsalle, kuka ya lafa. Furosesar fa tana nan yadda take. A nan ne za ka gane inda gizo ke saƙa: cikin furosesa ɗaya akwai ma'aunai barkatai, wani wurin ya fi wani zafi, kuma zafin na iya hawa digiri 10 ya sauka kafin ka ƙifta ido. Wata manhajar mafi zafi take ɗauka, wata matsakaici, wata kuma wani ma'auni daban da ke kan madabod kusa da soket. Duk suna kiran abin da suka ɗauko da suna ɗaya. Me zai hana su rubuta a fili, da harshen da mutum zai fahimta, daga ina lambar ta fito?

Na madabod kuwa abin takaici ne tsagwaronsa. Akwai wani ɗan guntu a kai, ƙirar kamfanoni irin su Nuvoton da ITE da Winbond, mai ƙofofin karɓar ma'aunai da dama, kuma mai ƙera madabod ba dole ne ya haɗa su duka ba. Ƙofar da ba a haɗa komai a kanta ba sai ta riƙa fitar da shirme: 127, ko 128 ƙasa da sifiri. Manhaja ta kwashe ta jera maka a ƙarƙashin suna irin Temp3 ko AUXTIN, SpeedFan har da zanen harshen wuta take maƙala wa lamba mai yawa a gefe. Bawan Allah ya ga 127 da wuta, cikinsa ya ɗuri ruwa, ya fizge waya daga bango. Akwai kuma kwamfutoci masu yawa da ke nuna 27.8 safe da rana da dare, rani da damina, saboda lamba ce kawai da aka rubuta aka ajiye a BIOS, babu wani ma'auni a bayanta. Ka ƙara da ruɗanin Tcase, zafin saman murfin furosesa wanda a ɗakin gwaji ake auna shi da waya ta musamman, kai ba ka da hanyar ganinsa. Shekara da shekaru lambar da Intel ke wallafawa ke nan a shafin bayanin furosesoshin tebur, 70 da 'yan kai, mutane suna gwada ta da zafin ƙwaya wanda iyakarsa ke wajen 100, suna tsorata a banza.

Ina Microsoft a duk wannan? Tun 2020 Task Manager na Windows yana iya nuna maka zafin katin hoto. Na furosesa fa, wadda ita ce zuciyar kwamfutar? Babu. Sai dai ka fita waje ka nemo manhajar wani, wadda ba za ta iya karanta ma'aunin ba sai ta dasa direba mai shiga har ƙuryar ɗakin Windows. Da yawansu sun dogara da wani tsohon direba mai suna WinRing0, wanda an daɗe da sanin yana da ɓaraka, har a watan Maris na 2025 Defender, mai gadin Windows na Microsoft, ya tashi yana kama shi a matsayin barazana, manhajoji irin su Fan Control suka tsaya cak a hannun mutane. Kamfanin da ya ƙi ba ka ma'auni, shi ne kuma ya zo yana yi maka ihu a kan wanda ka aro. Garin neman gira muna shirin rasa ido, kuma su suka tura mu.

Yanzu ka zo nan gida, inda abin ya fi cin rai. Masu gwada kwamfuta a YouTube da mujallu, a Amurka da Turai, a ɗaki mai digiri 21 ko 23 suke zaune. Su ce wannan laftof ɗin ba ya wuce 72 idan yana aiki tuƙuru. Kai kana Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, gari ya haura 40, babu wuta balle na'urar sanyaya ɗaki, rufin kwano yana gasa ka. Fanka ba ta da wata iska sai ta ɗakin, don haka duk digirin da ɗakinka ya fi nasu, kusan haka zai hau kan furosesarka. Ka ga 90, ka ɗauka an cuce ka. Wataƙila lafiyarta ƙalau. Wataƙila kuma ƙurar hunturu ce ta toshe ragar da iska ke fita tun watan Janairu. Lambar ita kaɗai ba za ta bambance maka ba. Kuma galibinmu kwamfutar gwanjo muke riƙe, ƙirar shekaru takwas ko goma da suka wuce, wato daidai zamanin da waɗannan ruɗe-ruɗen suka fi yawa.

Shi ya sa wasu masu gyara, ba duka ba, na san akwai masu amana a cikinsu, suka samu hanyar ci. Ɗalibi ya kawo laftof yana rubuta furojet, ko mai shagon buga takardu da rajistar jarrabawa wanda abincin iyalinsa ke kan wannan na'urar. A kunna manhaja, a juyo masa fuskar, a nuna masa jan rubutu: "Alhaji ka gani? 85! Wallahi saura kaɗan ta ƙone." Nan take a yanka masa kuɗin fanka, kuɗin mai, kuɗin aiki. Ba a gaya masa iyakar furosesar 100 ce ba. Ba a gaya masa idan ta kai can da kanta za ta rage gudu ba, in abin ya ci tura ta kashe kanta kafin wani abu ya lalace. Zamanin da furosesa ke toyewa ta yi hayaƙi, kamar Athlon ɗin da Tom's Hardware ya cire wa ƙarfen sanyaya a bidiyonsa na 2001, ya daɗe da wucewa. Ryzen 7000 na 2022 ma da gangan aka ƙera shi ya riƙa hawa har 95 ya zauna a can yana aiki, kamfanin ya ce haka ya tsara. A ɗaya ɓangaren kuma, mai sayarwa ya kunna maka ita a shago mai sanyi, ba ta aikin fari balle na baƙi, ya nuna maka 38 ya ce ka ga sanyi kamar randa. Ka kai gida, ka buɗe aiki mai nauyi, minti goma ta fara jan ƙafa. Lamba ɗaya ce ake tsorata ka da ita a kuma yaudare ka da ita, ya danganta da wanda ke riƙe da linzamin.

Na wayoyi kuwa ba zan ɓata baki sosai ba. Manhajojin nan masu cewa za su sanyaya maka waya, su zana maka dusar ƙanƙara tana zuba, lamba tana sauka daga 45 zuwa 36 cikin daƙiƙa biyar, tallace-tallace suna biyo baya. Wace manhaja ce ke da iska? Ƙarya ce tsirara, kuma tana cikin wayoyin iyayenmu da ƙannenmu tana cinye musu data da batir.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu, domin mun ɗauki duk abin da ya fito a fuskar na'ura kamar yankan wuƙa, musamman in yana da ɗigo. Ni ban ce a zubar da manhajojin nan ba. A inda aka yi ma'aunin dominsa, can kusa da iyaka, yana faɗin abin da za a dogara da shi, kuma manhaja irin HWiNFO tana nuna digirin da suka rage kafin iyaka, tana kuma nuna ko furosesa ta taɓa rage gudu saboda zafi. Waɗannan biyun su ne masu amfani. A sa kwamfuta aiki mai nauyi na minti goma sha biyar, a ɗakin da za a riƙa amfani da ita, da manhaja ɗaya rak sabuwar fitowa, a ga ko ta taɓo iyaka ta ja birki. In ba ta taɓo ba, a ƙyale ta ta yi aikinta. In jiya tana tsayawa a 78 yau tana kai 95 a kan aiki iri ɗaya da yanayi iri ɗaya, to lallai wani abu ya sauya, a buɗe a share ƙura. Ko da ma'aunin yana da kuskure, kuskurensa na jiya shi ne na yau, don haka sauyin ba ya ƙarya.

Amma me ya sa sai mun zama injiniyoyi kafin mu san ko kayan da muka saya da kuɗinmu suna lafiya? Me zai ci wa Intel da AMD su buga iyakar zafin ɓaro-ɓaro a jikin kwali, tare da duk wani ƙari da suka cusa, tun ranar da kaya suka shiga kasuwa? Me zai ci wa Microsoft ya sa layi ɗaya a Task Manager mai cewa furosesarka ta rage gudu saboda zafi, ko ba ta rage ba? Kamfanonin da ke jera biliyoyin taransista a kan ɗan guntu ɗaya ba za su ce mana wannan ya gagare su ba. Ba su damu ba ne kawai.

Kafin su damu, in mai gyara ya sake juyo maka fuskar kwamfuta yana nuna maka jan rubutu yana salati, ka tambaye shi iyakar wannan furosesar nawa ce, kuma daga wane ma'auni lambar ta fito. In ya fara kame-kame, naɗe cazarka ka ɗauki kayanka ka fita.